Me ya sa tsohon sito a Landan ya fi sabon gida tsada?

Wani bawan Allah ya aiko da tambaya. Ya ce ƙaninsa da ke aiki a Landan ya turo masa hotunan gidan da yake son kamawa haya a wani gini da ake kira Butler's Wharf, an kuma gaya masa tsohon sito ne na zamanin Sarauniya Biktoriya. Abin da ya ɗaure masa kai: bango ba shafe, ga ginshiƙin ƙarfe tsaye a tsakiyar falo, amma kuɗin hayar ya fi na sabon gida. Yana son jin tarihin ginin, yana kuma son sanin ko ginin da ya haura shekara 150 abin amincewa ne.

Malam, zanen gine-gine ne sana'ata, don haka ta wannan fuskar zan amsa maka. Wanda ya gina Butler's Wharf ko a mafarki bai kawo wani zai kwana a cikinsa ba. Domin buhu da akwati da ganga aka yi shi. Duk abin da ya burge ƙaninka a hotunan, wata matsalar ajiyar kaya aka magance da shi, kuma duk abin da zai dame shi in ya tare, daga nan ya samo asali.

Ginin yana gaɓar kudu ta Kogin Thames, a unguwar Bermondsey, dab da gadar Tower Bridge ta gabas. Ya ma girmi gadar: an kammala shi a 1873, gada kuwa sai 1894 aka buɗe ta. Masu zanensa Tolley da Dale ne. A lokacin babu tashar jiragen ruwan da ta kai ta Landan hada-hada a duniya, kuma wannan gaɓar ta kudu ita ce rumbun abincin birnin. Ganyen shayi, gahawa, hatsi, sukari, busassun 'ya'yan itace, masoro, kirfa, citta, kanumfari, duk nan ake sauke su. Ana yawan cewa babu siton ganyen shayi a duniya da ya kai Butler's Wharf girma a zamaninsa. Har yau gine-ginen da ke kewaye da shi suna ɗauke da sunayen kayan ƙamshi da hatsi, ko da yake wasu sunayen 'yan kasuwar gidaje ne suka raɗa daga baya don jan hankalin masu saye.

Yawancin manyan jiragen ruwa ba sa zuwa bakin irin wannan sito. Sukan tsaya a manyan tashoshi ko a tsakiyar kogi, a juye kayan cikin faffaɗan kwale-kwalen dako marasa inji, masu tuƙa su kuma su bi cikowar ruwa da janyewarsa su kawo su gindin bango. Shi ya sa ginin ya tsaya a kan bakin ruwa sosai. Kaya masu haraji kamar shayi sukan zauna ƙarƙashin kulawar kwastan, ba a biyan kuɗin fito sai ranar da za a fitar da su kasuwa. Ke nan sito ya zama wajibi ya kasance wurin da ɓarawo ba zai shiga ba, kaya kuma ba za su fita ta bayan fage ba. Ƙananan tagogi masu firam ɗin ƙarfe da ka gani, wannan na daga cikin dalilansu. Sauran dalilan: hasken rana na ɓata wasu kayan, kuma kowace taga rami ce a jikin bangon da ake son ya ɗauki nauyi.

Bangon na tubalin Landan ne, wanda ake gasawa ya fito ruwan ɗorawa-ɗorawa, hayaƙin kwal ya mayar da shi baƙi, aka wanke shi daga baya. Ya fi kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da ake hawa sama, domin hawan ƙasa ne ke ɗauke da nauyin duk na samansa. Saman kowace taga an yi ɗan baka da tubali maimakon a gitta katako. A jikin bangon wasu situna za ka ga faifan ƙarfe zagayayye ko mai siffar gicciye. Ba ado ba ne, kan dogon ƙarfe ne da ya ratsa ginin yana riƙe bango don kada nauyin kaya ya tura shi waje.

Abin da ya fi saurin tona asirin tsohon sito shi ne jerin ƙofofi a tsaye, ɗaya bisa ɗaya tun daga ƙasa har sama, kowace tana buɗewa zuwa sarari, ba matakala ba baranda. Ta nan ake shigar da kaya. A can sama ko a gefe akwai injin ɗaga kaya manne da bango, mai hannu da ke juyawa. A zuro ƙugiya, a ɗaure buhuna, a ja su zuwa hawan da ake so, mutum ya tsaya a bakin ƙofa kan wani katako mai sarƙa ya fizgo su ciki. Da farko da ƙarfin hannu ake yi, daga baya aka koma matsin ruwa. Tun 1883 akwai kamfani a Landan da ke tura ruwa mai tsananin matsi ta bututu a ƙarƙashin tituna, situna da otal-otal na saye don ɗaga kaya da lifta, bai daina aiki ba sai 1977. Waɗannan ƙofofin su ne yau suka zama manyan tagogi da 'yan baranda, kuma gidan da ya dace da ɗaya daga cikinsu ya fi na maƙwabcinsa haske da tsada.

A bayan ginin akwai siririn titi mai daɓen duwatsu, Shad Thames, wanda gadojin ƙarfe suka gitta ta samansa a hawa daban-daban. Ta kansu ake gangara ganguna da tura kurar kaya daga siton bakin ruwa zuwa situnan da ke baya, ba tare da an sauko ƙasa ba. Yanzu mazauna sun jera tukwanen furanni da kujeru a kai. A ganina babu titin da ya kai shi nuna yadda bakin kogin Landan yake a da.

Sai maganar ginshiƙin da ke tsakiyar falo. Ƙarfen zubi ne, wanda ake narkarwa a zuba a kwami. Halinsa shi ne yana jure dannawa ƙwarai, amma ba ya jure ja ko lanƙwasawa, sai ya tsage kamar tukunya. Don haka magina suka sa shi a tsaye, suka ɗora masa manya-manyan katakai a kwance, galibi daga dazuzzukan ƙasashen Tekun Baltik ko Arewacin Amurka, sannan aka shimfiɗa katakon daɓe mai kauri. Ginshiƙin kowane hawa yana zaune daidai kan na ƙasansa, nauyi na gangarawa kai tsaye zuwa harsashi. Ba a cire shi, ba a matsar da shi. Tsarin ɗakunan gidan ne dole ya bi jerin ginshiƙai, shi ya sa wani lokaci za ka tarar da shi a inda ba mai hankalin da zai ajiye shi da gangan.

Game da ƙarfin gini, ka kwantar da hankalinka. Ƙa'idar Birtaniya ta ɗauka daɓen gidan zama zai ɗauki kimanin kilo 150 a kowace murabba'in mita. Daɓen sito an yi shi ne don a jibge buhuna har kusa da rufi, ninkin wancan sau uku, sau huɗu ko fiye. Gado da kujera da firji ba komai ba ne a wajensa. In dai ruwa bai ruɓar da kan katakon da ya shiga cikin bango ba, kuma injiniyoyi sun duba wannan tun lokacin gyara, ginin yana hutawa ne yanzu.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Babban abokin gaban sito wuta ce, kuma ita ta tsara rabin fasalinsa. Ranar 22 ga Yuni 1861, shekara goma kafin a fara gina Butler's Wharf, gobara ta tashi a Cotton's Wharf da ke titin Tooley, tafiyar 'yan mintuna daga nan. Situnan cike suke da kitse, mai, rama, auduga da gishirin albarushi. An bar ƙofofin ƙarfen da ke raba sassan ginin a buɗe, wuta ta bi ta cikinsu. Narkakken kitse ya malala kan kogi yana ci. Bango ya faɗo kan shugaban 'yan kwana-kwana, James Braidwood, ya mutu nan take, kuma sai da aka yi mako biyu kafin wutar ta mutu gaba ɗaya. A lokacin kamfanonin inshora ne ke riƙe da 'yan kwana-kwanan Landan. Asarar ta sa suka tsawwala kuɗin inshorar situna, suka kuma ce ba za su ci gaba da ɗaukar nauyin kashe gobarar birni ba. Dokar 1865 ta mayar da aikin hannun hukuma daga farkon 1866.

Tun dokar gine-gine ta 1855 an ƙayyade cewa kowane sashe na sito kada ya wuce ƙafa 216,000 na cikin ɗaki, wato kamar ɗaki mai ƙafa 60 a tsawo da faɗi da tsayi, sai an raba shi da bango mai kauri. Bayan gobarar Tooley, masu inshora suka matsa a bi wannan da gaske: bangon raba sashe ya zarce rufi, ƙofofin ƙarfe su zama biyu-biyu, a ware kaya masu saurin kamawa. Don haka dogon ginin da kake gani daga kogi, a ciki jerin akwatuna ne na tubali. Wannan ya yi wa masu mayar da shi gidaje rana, domin dokar yau ma abin da take nema ke nan, kowane gida ya iya tsare wuta a cikinsa na wani lokaci. Wani abin mamaki da 'yan kwana-kwana suka gano tun a wancan zamani: katako mai kauri ya fi ƙarfen zubi aminci a gobara. Katako yakan ƙone ta waje ya yi gawayi, cikinsa na riƙe da nauyi. Ƙarfen zubi kuwa in ya yi ja aka watsa masa ruwa, yana iya darewa ba sanarwa. Shi ya sa ginshiƙin falon ƙaninka yana shafe da wani fenti na musamman da ke kumbura in ya ji zafi ya zama bargo. Kada ya kankare shi don yana son ganin ƙarfe tsirara.

Ba ko'ina aka bi wannan salon ba. A Liverpool, Jesse Hartley ya gina Albert Dock da aka buɗe a 1846 da tubali da dutse da ƙarfe zalla, ba katakon da ke ɗaukar nauyi, daɓen ma bakan tubali ne tsakanin ƙarafa. Shi ma yau akwai gidaje a hawansa na sama. Amma hanyar ta fi tsada, masu situnan bakin Thames kuwa 'yan kasuwa ne masu lissafin ƙwandala.

Bermondsey ba abinci kaɗai ta sani ba. Ita ce cibiyar jima da cinikin fata ta Landan, kuma har yau akwai titin da ake kira Morocco Street a can. Jar fatar akuyar Sakkwato na cikin abin da Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, saboda ta hannun fataken Sahara take isa gaɓar Bahar Rum.

Mutanen da suka yi aiki a waɗannan gine-gine ba su ga kyansu ba. Aikin rana-rana ne. Da sassafe a taru a bakin ƙofa kamar yadda 'yan dako ke jiran mota ta tsaya a Dawanau, fomen ya nuna wanda ya ga dama, sauran su koma gida hannu rabbana. Babban yajin aikin 1889 a kan sisi, wato kwabo shida, a awa aka yi shi, kuma sun samu. Kusa da nan, bayan mashigar St Saviour, akwai Jacob's Island, ɗaya daga cikin unguwannin talakawa mafi muni a Landan ta wancan ƙarni.

Kwantena ce ta kashe harkar. Da jirage suka koma ɗaukar kaya a akwatunan ƙarfe, sai ya zama ana bukatar ruwa mai zurfi da fili shimfiɗaɗɗe da hanyar tirela, ba bene mai ƙofar ƙugiya a lungu ba. Ciniki ya koma Tilbury, can wajen bakin teku. Tashoshin cikin gari suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya: East India a 1967, St Katharine a 1968, Surrey a 1970, har zuwa Royal Docks a 1981. Butler's Wharf ya rufe a 1972. An rushe situna da yawa a waɗannan shekarun, har da kyawawa na St Katharine. Waɗanda suka tsira, wasu doka ce ta kare su, wasu kuma don ba wanda ya ga ribar rushe su a unguwar da ba mai son zama.

Waɗanda suka fara kwana a Butler's Wharf masu zane da sassaƙa ne da 'yan fim marasa kuɗi, a shekarun 1970. Sun sami faɗi da hasken kogi a kan haya kaɗan, ba ɗumama ɗaki, banɗaki ma da ƙyar. Gobara a ƙarshen shekarun ta kawo ƙarshen zamansu. Amma sun riga sun nuna ana iya rayuwa a sito. A ƙetaren kogi, a Wapping, an riga an mayar da Oliver's Wharf, wani siton shayi na 1870, gidajen alfarma tun farkon shekarun 1970. Sai New Concordia Wharf, siton hatsi na 1885 a maƙwabtan Butler's Wharf, wanda wani matashi Andrew Wadsworth ya gyara a farkon shekarun 1980, ya bar injinan ɗaga kayansa da hasumiyar ruwansa a wurinsu. A 1981 gwamnatin Thatcher ta kafa hukumar raya yankin tashoshin Landan, ta karɓe ikon ba da izinin gini daga ƙananan hukumomi. A wannan yanayi Terence Conran, mai kantunan kayan ɗaki na Habitat, ya jagoranci masu jari suka sayi Butler's Wharf da kewayensa. Ya buɗe gidan adana fasahar zane, Design Museum, a 1989 cikin wani tsohon siton ayaba, ya zuba gidajen cin abinci a hawan ƙasa. Kasuwar gidaje ta faɗi, kamfanin ya durƙushe a 1990, wasu suka ƙarasa. Zuwa 1997, da Firaminista Tony Blair ya kai shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, cin abinci a Le Pont de la Tour da ke gindin ginin, unguwar ta riga ta zama ta wasu mutane dabam. 'Ya'yan waɗanda suka yi dako a cikinsa kaɗan ne ƙwarai za su iya kama ɗaki a nan, kuma tsofaffin mazauna Bermondsey ba su ɓoye jin haushinsu ba.

Aikin mayar da sito gida ya fi yadda ake zato wuya, kuma wuyar tasa zurfi ce. Hasken taga mai amfani ba ya wuce kamar mita biyar zuwa shida cikin ɗaki, sito kuwa yana iya ninka wannan sau huɗu daga gaba zuwa baya. Buhu bai damu da duhu ba. Don haka mai zane yakan tura falo da ɗakin kwana bakin taga, ya cusa banɗaki da kicin da lifta da matakala a tsakiya inda ba haske, ko ya huda tsakiyar ginin daga rufi har ƙasa ya yi tsakar gida. Sakamakon shi ne gidaje dogaye sirara masu taga a gefe ɗaya kawai, iska ba ta ratsawa. Gidan da ke kallon kogi da wanda ke kallon lungun Shad Thames adireshinsu ɗaya, amma rayuwa a cikinsu ba ɗaya ba ce. Ka tambayi ƙaninka wanne ne nasa.

Sai ƙara. Daɓen katako na ɗaukar nauyi, amma yana kai takun na sama kunnen na ƙasa. Gyaran kirki yakan ɗora sabon daɓe a kan wani abu mai tsotse ƙara; gyaran da aka yi don a bar katako a bayyane ta sama da ta ƙasa, hoto yake yi wa kyau kawai. Sai sanyi. Bangon tubali ne tsantsa ba rata a tsakiya, in an lulluɓe shi ta ciki don tsare ɗumi an rufe abin da mai saye ya biya kuɗi ya gani, in an bar shi kuɗin gas ya hau. Wani kuskure da aka tafka a gyare-gyaren farko shi ne wanke tubali da feshin yashi, wanda ke cinye gasasshiyar fuskarsa ya bar shi yana zubar da gari, da kuma cike tsakanin tubali da siminti. Magina na da da farar ƙasa suka yi kwaɓi, mai barin danshi ya fita. Siminti na tsare danshin a cikin tubali, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar tubalin ta ɓare.

Akwai kuma abin da nake kira yaudarar bango: wasu gine-ginen fuskar waje kawai aka bari, aka kwashe cikin gaba ɗaya aka zuba kankare. Wasu ma a unguwar sababbi ne fil aka yi musu kamannin sito. Ba laifi ba ne, sau da yawa sun fi shiru da ɗumi, amma mai biyan kuɗin tarihi ya kamata ya san me ya saya.

Tsadar kuwa ba daga tubali take ba kaɗai. Wuri ne: bakin kogi, ga Tower Bridge ta taga, ga unguwar bankuna a ƙetare ana zuwa da ƙafa. Kuma ba a ƙara yin irinsa, adadinsu ƙayyadadde ne. Butler's Wharf na cikin gine-ginen da doka ta yi wa rajistar kariya a mataki na biyu, wanda akasarin gine-ginen tarihi na Ingila ke ciki. Ma'anarsa ba a taɓa abin da ya shafi asalin ginin, ciki ko waje, sai da izini na musamman daga ƙaramar hukuma, kuma yin hakan ba izini laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Ambaliya ma an yi mata tanadi. Ruwan Thames a nan yana hawa da sauka kusan mita bakwai, ya kuma taɓa cin rayuka 14 a tsakiyar Landan a 1928, amma tun farkon shekarun 1980 akwai katangar ƙarfe a Woolwich da ake ɗagawa in teku ta yi toroƙo.

Kafin ƙaninka ya sa hannu, ya je gidan da tsakar rana ya kashe fitilu ya ga iya inda haske ya kai. Ya koma da dare, lokacin da na sama suka dawo aiki, gidajen abincin ƙasa kuma suka cika. Ya nemi takardar da ke nuna yawan makamashin da gidan ke ci, wadda doka ta wajabta wa mai gida ya nuna wa ɗan haya. Ya tambayi rahoton binciken gobara na ginin, musamman in gidan na cikin hawan da aka ƙara a kan rufi da kayan zamani, domin tun bayan gobarar dogon benen gidaje na Grenfell a Landan ta 2017 irin waɗannan ake fi sa wa ido. In kuma wata rana ya yi niyyar saye, ya sani a Ingila irin wannan gida hayar dogon zango ake saya, ta shekara 99 ko 125 ko 999, ba mallakar ginin ba, kuma kowace shekara akwai kuɗin kula da gini da ake raba wa mazauna. A tsohon gini mai kariyar doka, inda tagar ƙarfe ɗaya in ta lalace sai an ƙera irinta sak, wannan kuɗin ba ƙarami ba ne. Ya nemi lissafin shekarun baya, ya kuma tambaya ko akwai babban gyaran rufi ko na bangon bakin kogi da ke tafe.